Kasuwar dare a Kano: tsakanin sahun salla da tiren dabino

Wai akwai kasuwar dare a Kano?

Akwai, amma kada ka nufi Kantin Kwari ko Kurmi bayan isha'i, ƙofa za ka tarar a rufe. Cinikin dare a bakin titi yake da ƙofar masallaci. Ya fi armashi da azumi, musamman goman ƙarshe, lokacin da jama'a ke fitowa daga asham suna jiran tahajjud. Titin Gidan Zoo kuwa sai ka rantse rana ce, ga masu takalma, ga masu kayan sallar yara, teloli na ta dakan keke har asuba.

Me ake sayarwa a ƙofar masallaci?

Dabino, asuwaki, carbi, turare, zuma, man zaitun, habbatus sauda, huluna da ƙananan littattafan addu'a. Can gefe mai shayi ya kafa tebur, hayaƙin mai tsire na tashi. Liman ne ke tara masu kasuwar, ya sani ko bai sani ba: yana sallamewa, ciniki ya buɗe.

To, hakan bai saɓa wa addini ba?

Malamai suna rarrabewa tsakanin cikin masallaci da wajensa. Ciniki a cikin masallaci an hana, har hadisi ya ce a yi wa mai yi addu'ar kada Allah ya sa riba. Waje kuwa halas ne, Suratul Jumu'a ma ta ce idan an idar da salla a watsu a nemi falalar Allah. Shi ya sa da an tayar da iƙama za ka ga mai kaya ya yafa buhu a kan tirensa ya shiga sahu. Abin da ni ke damuna shi ne rantsuwa. Mutum yanzu ya sauke hannu daga alƙunutu, amma a kan ɗan kwalbar turare zai ce maka, "Wallahi Alhaji ko uwar kuɗi ban mayar ba."

Yaya ake taya kaya?

Ka fara da sallama. In ka taya ya ce "albarka", ƙara kaɗan. In ya ce "na sallama", kawo kuɗi, janyewa a nan abin kunya ne.

Tsaro fa?

Waya ta zauna a aljihu, masu ƙwace suna son cunkoso. Ka kuma tanadi abin hawan komawa tun kafin ka fito, domin a 2022 gwamnatin jiha ta hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.