Yaro ya ƙi taka ƙafa, ga kuma zazzaɓi? Ba aikin mai ɗori ba ne

Iyaye mata, ku ne kan fara gani. Yaron da jiya yake guje-guje ya wayi gari yana ɗingishi, jiki zafi rau, da an taɓa kusa da gwiwa sai ya ƙwalla ƙara. Nan da nan a ce targaɗe ne, a nufi gidan mai ɗori. To amma targaɗe ba ya zuwa da zazzaɓi.

Sau da yawa ƙwayar cuta ce ta biyo jini, daga maruru ko wani ɗan miki, ta zauna a ƙashin cinya ko na ƙwauri, ko cikin gaɓa, ta fara tara mugunya. Wadda ta fi yin wannan ɓarna ita ce Staphylococcus aureus. Masu sikila kuwa har wata ƙwayar cuta mai suna Salmonella tana kama su, kuma da wuya a bambance ciwon da tashin sikilar da aka saba gani, don haka kada a yanke hukunci a gida. Jariri ba lallai jikinsa ya yi zafi ba. Sai dai ya daina motsa ƙafa ɗaya, ya yi ta tsala kuka duk lokacin da ake sauya masa kunzugu.

A kai shi asibiti a ranar. Mugunya a gaɓar kwatangwalo tana cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa likita kan zuƙe ta da allura ko ya yi aiki ya wanke gaɓar. Hoton ƙashi kan fito lafiya ƙalau a kwana 10 zuwa 14 na farko, alhali cutar tana ciki, saboda haka ake haɗawa da gwajin jini. Don Allah ban da sakiya, ban da ɗaurewa da kara.

Magani ana fara shi ta jijiya, in zazzaɓi ya sauka a koma na sha. Na ƙashi yakan ɗauki mako 3 zuwa 6. A nan ne nake yawan roƙon iyaye, domin da yaro ya miƙe sai a ajiye kwalba. Na sha ganin irinsu sun dawo bayan watanni da rami a ƙwauri yana tsatsar da mugunya, wani ɓangaren ƙashin ya riga ya mutu, sai an shiga tiyata an cire shi. In kuɗin magani ne ya yanke, ku dawo asibiti ku faɗa mana kafin wanda ke hannu ya ƙare.