Neman Tallafin Gwamnati Ga Tsofaffi Ba Gudun Nauyin Iyaye Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa mai neman gwamnati ta sa hannu a kula da tsofaffi so yake ya sauke nauyin iyayensa. Ba haka ba ne. Yawancin tallafin da ake nema don tsoho ya ci gaba da zama cikin iyalinsa ne.

Dubi tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Sai an juya ta kusan duk bayan awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambo ya fito mata a ƙugu da diddige. Mutum ɗaya ba zai jure wannan wata da watanni ba: barci ya gagara, baya ya riƙe, sana'a ta tsaya. Galibi kuma mace ce ke wannan jinyar.

Jamus ta kafa inshorar doguwar jinya a 1995, Japan a 2000. A Jamus ana biyan kuɗi duk wata idan dangi ke jinyar a gida, har da kuɗin wanda zai karɓi jinyar na ɗan lokaci don mai kula da majinyacin ya huta.

Masu fafutuka kan yi tuntuɓe idan suka tsaya ga "a taimaki tsofaffi". A faɗi takamaimai: kwanakin hutu nawa a shekara, wa zai koyar da ɗaga majinyaci, kuma nawa aka ware a kasafin kuɗi.