Waiwaye: Wa Ke Koya Wa Yaran Kaduna Darajar Abinci?

Tun kafin a gina ajin boko ko ɗaya a ƙasar Zazzau, yaro yana da darasin abinci, kuma a gona yake ɗaukarsa. Da zarar hannunsa ya iya riƙe fartanya, mahaifinsa zai yankar masa gayauna a gefen gandu, ya ce wannan taka ce. Daga nan zai san shuka, ya san noman firi da maimai da huɗa, ya san yadda ake ɗaure dami a jera shi cikin rumbu. Wanda ya sha rana a kan kunya ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kafin ya ɗauki zangarniyar da ta faɗi a hanya.

'Ya mace kuma makarantarta tsakar gida ce. A wajen surfe da bakace take ganin cewa babu abin zubarwa a jikin hatsi. Dusa ta awaki ce, tsaki na fate ne ko na kaji. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe. Ƙanzon gindin tukunya a kankare a shanya, wata rana a jiƙa shi a yi kwaɗo da ƙuli. Gyaɗa kaɗai ta isa misali: a matse mai, a soya ƙuli-ƙuli, harawar a ɗora a kan rumfa don dabbobi su ci da rani. Kuɓewa da tumatir da tattasai idan suka yi yawa da kaka, a yanyanka a shanya. Bayan girbi kuma ana barin yara da tsofaffin mata su shiga gona kala, don ko ƙwayar da ta zube ta sami mai ci.

Wannan tattali yunwa ce ta haife shi. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da ya ƙona amfanin gona ya kashe dabbobi a faɗin Arewa. Gidan da ya taɓa buɗe rumbu ya tarar babu komai, tarbiyyar da zai ba 'ya'yansa dabam ce.

Addini kuma ya ƙarfafa ta. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce a ci a sha, kada a yi almubazzaranci. A hadisi an umarci wanda loma ta faɗi daga hannunsa ya ɗauka ya share ƙurar ya ci. A ƙissar Annabi Yusuf, shawarar da ya ba mutanen Masar ita ce su bar hatsi a zangarniyarsa don ya daɗe, kuma haka manomin Soba ko Kubau yake ajiye dawarsa har yau. 'Yan'uwanmu Kirista na Kafanchan da Zonkwa da Sabon Tasha su ma suna karanta yadda, bayan an ciyar da dubban mutane, aka ce a tattara gutsattsarin da suka rage kada wani abu ya salwanta. A jihar da ake yawan neman abin da zai haɗa kawunan mutane, wannan darasi ne da babu mai musu a kansa.

To, ina aka tsaya? A ganina, makaranta ta karɓi yaro daga hannun gona da tsakar gida, amma ba ta karɓi darasin tare da shi ba.

Kuma ba don babu masana a kusa ba. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda a 1962 ta zama cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Irin masara da dawa da wake da gyaɗa da ake shukawa a Arewa, da yawa daga can suka fito. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi. Jihohi kaɗan ne ke da irin wannan gata. Sai dai ilimin ya fi bin hanyar malamin gona zuwa ga magidanci, bai cika biyowa ta ƙofar firamare ba.

Shekarar 1976 ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta. A shekarar ce gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka fi sani da OFN, aka yi kira ga makarantu da barikoki da ma'aikata kowa ya yi lambu ko ya kiwata kaji. A watan Satumba na shekarar kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta, UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi ƙiyasi, aka shiga neman azuzuwa da malamai ido rufe. Shiri ɗaya yana cewa a kai yaro gona, ɗayan yana neman inda za a zaunar da shi. Shugaba Shehu Shagari ya zo da nasa shirin bunƙasa noma a 1980, tsarin karatu na 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982 da alƙawarin koya wa yara sana'ar hannu, noma na ciki. Waɗanda suka yi makarantar kwana a wancan zamani suna tuna gonar makaranta da ƙungiyar matasa manoma. Wasu har sun ci masarar da suka noma da hannunsu.

Amma akwai wata ɓarna da aka yi a hankali, wadda ban ga an cika maganarta ba. An mayar da fartanya da lauje kayan horo. Wanda ya makara, wanda ya yi surutu a aji, wanda bai yi aikin gida ba, shi ake turawa ya yi sharar ciyawa ko ya yi huɗa cikin rana, sauran ɗalibai suna kallonsa ta taga. Yaron da aka rene shi a haka, me zai ɗauki noma? A gida ana yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, a makaranta kuma shi ne sakamakon laifi. Wannan abu yana ci mini rai, domin ko a yau ba a daina ba.

Sai garin Kaduna ya girma. Rigasa da Hayin Banki da Unguwar Mu'azu da Mando suka cika suka batse. Filayen makarantu da dama aka gina azuzuwa a kansu, wasu kuma gine-ginen maƙwabta suka cinye gefensu. Makarantun kuɗi suka yawaita a gidajen haya, inda ko wurin wasa babu balle lambu. Darasin noma ya koma allo: a zana garma, a haddace sunayen taki, a rubuta jarrabawa. Da aka yi wa manhajar ilimin bai-ɗaya kwaskwarima a 2012, an haɗe noma da tattalin gida a darasi guda. A takarda haɗin yana da ma'ana, tunda abin da aka noma shi ake dafawa. A aikace lokacin kowanne ya ragu.

Haka aka sami yaro a Tudun Wada ko Kawo da ya san taliyar leda da biskit da lemon kwalba ciki da waje, amma bai san cewa jiharsa na sahun gaba a noman masara a Najeriya ba. Bai san kasuwar hatsi ta Saminaka ba. Bai san cittar Kachia da Jaba da Kagarko har ƙasashen waje ake fitar da ita ba, ko cewa mazarƙwailar da yake tsotsa daga raken Makarfi take, ko cewa acca abincin kudancin jiharsa ce tun kaka da kakanni.

Babbar damar gyara ta zo da shirin ciyar da ɗalibai. Gwamnatin tarayya ta gwada shi a 2005 a wasu jihohi, ya mutu kusan ko'ina in ban da Osun. A watan Janairun 2016 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta fara nata, aka ce za a ciyar da yara kimanin miliyan 1.5 kowace ranar karatu a kan naira 50 kowane kwano, aka ɗauki dubban mata aikin girki. Gwamnatin ta ce yawan ɗaliban firamare ya tashi daga miliyan 1.1 zuwa miliyan 2.1. Jaridu sun kuma ruwaito yadda wasu yara ke zuwa da kwano su karɓi abinci su fice. An yi ta zarginsu, ni kuwa abin da na gani a labarin shi ne girman yunwar da ke gidajenmu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nauyin kuɗi ya sa aka dakatar da shirin jihar, daga baya ya dawo ƙarƙashin na tarayya wanda aka ƙaddamar a watan Yunin 2016, ya taƙaita ga aji 1 zuwa 3 a kan naira 70. A Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi.

Manufar shirin tarayya ita ce a sayi abincin daga manoman yankin da makarantar take. Da an bi wannan sau da ƙafa, kowane kwano darasi ne. Malama za ta iya tsayawa minti biyar kafin a ci, ta tambaya: wannan waken daga ina? Wata nawa ya yi a gona? Wa ya roro shi, wa ya sussuka? Me za mu yi da abin da ya rage? Muhawarar da aka yi ta shekaru ta tsaya a kan kuɗi da kwangila da yawan ƙwai. Waɗannan tambayoyi ne masu muhimmanci, amma tunanin cewa abincin kansa abin koyarwa ne bai sami wuri ba.

A duniya kuwa maganar tana ta ƙara ƙarfi. A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, yana salwanta. A 2015 ƙasashe suka ɗauki alƙawarin rage ɓarnar da rabi kafin 2030, kuma tun 2020 ake ware ranar 29 ga Satumba don wayar da kai a kan batun. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar na 2021 ya ƙiyasta cewa a gidajen Najeriya ana zubar da kilo 189 ga kowane mutum a shekara. Adadin ya girgiza mutane, sai dai ya haɗa da ɓawo da ƙashi da sauran abin da ba a ci, don haka a karanta shi da lura.

A nan ne nake ganin ya kamata mu yi hattara da kwaso darasin wasu. A Turai da Amurka ana koya wa yaro ya daina ɗibar abin da ba zai cinye ba, saboda yawancin ɓarnarsu a kanti da gida take. Yaron firamaren gwamnati a Igabi ko Giwa ba ya rage abinci a kwano. Tamu asarar ta fi yawa tsakanin gona da kasuwa: tumatirin da ake lodawa a kwanduna a danne juna a mota cikin zafi, mangwaron da ke ruɓewa a gindin bishiya, waken da ƙwari ke mayarwa gari a buhu, masarar da aka adana ba ta gama bushewa ba ta yi fumfuna. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, da aka kafa a farkon shekarun 1980 don rage irin wannan asara, ya yi shekaru masu yawa a rufe. A watan Mayun 2016 kuma jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir bayan tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, matan gida suka koma kan busasshe, wanda da ma iyayenmu ba su taɓa raina shi ba.

Saboda haka darasin da ya dace da yaronmu shi ne na adanawa. Yadda ake shanya tumatir da kuɓewa a kan tabarma mai tsabta a maimakon gefen kwalta. Yadda ake gane hatsi ya bushe. Yadda buhun nan mai leda biyu a ciki, da ake kira PICS, yake kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba guba ba. Wannan na ƙarshe batun rai ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, mu kuma shi muke ci. Ɗan aji shida zai iya koyon ɗaure wannan buhu a darasi ɗaya, ya koma gida ya nuna wa mahaifinsa.

Ban ce babu almubazzaranci a cikinmu ba. Akwai, kuma yara suna kallo. A je ɗakin taron biki bayan an watse a ga shinkafa da nama a kan tebura. A duba bola a wasu unguwanni da watan azumi. A da ragowar gida tana da masu ita, maƙwabci ko almajiri ko baƙo, kuma ana bayarwa tun tana da kyau. Yanzu katanga ta yi tsawo, ƙofa a rufe, wutar lantarki ba ta tsayawa balle firji ya riƙe. 'Ya'yan irin waɗannan gidaje su ne ke buƙatar darasin kwano, kuma su ne makarantunsu suka fi ƙarfin koyar da shi.

Shekarun baya-bayan nan sun tsananta lamarin. Rashin tsaro ya raba manoman Birnin Gwari da Chikun da Kajuru da gonakinsu na tsawon lokaci. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a kudancin jihar ta yi mummunar ɓarna, a shekarar kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane mudu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Gidaje da yawa a cikin garin Kaduna suka koma shuka zogale da alayyafo da yakuwa a buhunan siminti da tsofaffin bokitai.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta sa noman lambu da kiwo cikin sana'o'in da ɗalibin sakandare zai zaɓa. Na yi murna da hakan, amma mun ga irinta a 1982. Abin da makaranta ke buƙata kafin darasin ya sauka daga allo sananne ne: ɗan fili ko da buhuna ashirin ne a jikin katanga, ruwan ban-ruwa da rani, malamin da ya taɓa noma da hannunsa, da izinin kai ɗalibai fadamar Kogin Kaduna ko ta Galma su ga masu lambu suna aiki. Shugaban makaranta kuma zai iya soke horo da fartanya tun daga wannan zangon karatu, ba sai ya jira kasafin kuɗi ba.