Dubu saba'in: wa dokar albashi ta ɗauka, wa ta bari a ƙauye?

Tun ranar 29 ga Yuli, 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin leburorin injinan shinkafa na Kura da Bunkure, da 'yan ƙwadagon fadamar Haɗeja, da matan da ke tsintar riɗi da zoɓo a rumbunan Dawanau: "Mu ma da mu a ciki?" Amsar ba ta da daɗin ji, domin yawancin masu cin guminsu a ƙauyukanmu dokar ta tsallake su. Sai dai akwai wasu dokoki biyu da suka fi ta faɗi, wato Dokar Ƙwadago da Dokar Diyyar Ma'aikata, waɗanda ba a cika jin maganarsu a rediyo ba, kuma su ne suka fi kusa da talakan karkara.

Ita dokar albashin ba sabuwa ba ce fil. Gyara aka yi wa ta 2019, wadda ta sa naira 30,000 bayan an daɗe a kan naira 18,000 tun 2011. Abu biyu gyaran ya taɓa: yawan kuɗin, da lokacin sake duba shi, wanda aka rage daga shekara 5 zuwa shekara 3. Sauran sharuɗɗan suna nan yadda suke.

Tsarin mulki ya bar wa Majalisar Tarayya ita kaɗai ikon yanke mafi ƙarancin albashi, shi ya sa jiha za ta iya ƙarawa amma ba ta da hurumin ragewa. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar da naira 71,000 ga ma'aikatan Kano, Gwamna Umar Namadi ya sanar da naira 70,000 a Jigawa. Da yake daga bakin gwamnoni aka fi jin maganar, mutane da yawa sun ɗauka ta ma'aikatan gwamnati ce kawai. Ba haka ba ne. Masana'anta da makarantar kuɗi da asibitin kuɗi da kamfanin gine-gine duk ta hau kansu, muddin ba su faɗa cikin waɗanda aka keɓe ba.

To, a keɓewar nan ne gizo ke saƙar. Duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta tilasta shi ba. Ka duba garinku ka ƙirga: injin niƙa, gidan burodi, shagon taki da maganin feshi, gidan ruwan leda, ƙaramar makarantar kuɗi mai malamai goma, nawa ne a cikinsu suka tara mutum 25? Kafin 2019 ma sai an kai mutum 50. An kuma keɓe aikin da ake biya a kan jinga ko kamasho, wato mai ɗaukar buhu a biya shi kan kowane buhu, da mai yankan shinkafa a kan kowace fala, da yarinyar da ke zama a rumfar POS tana cin wani kaso na abin da aka caja. An keɓe masu aikin wucin gadi da ba sa cika lokacin aiki. Sannan an keɓe aikin da ke zuwa da lokaci, kuma dokar ta ambaci noma da sunansa. Wanda ya zo ci-rani Kadawa dashen tumatir, ko ya yi wata biyu yana girbi a Auyo, ba shi da wata hujja a wannan doka.

Ba na ganin laifin duk mai ƙaramin jari da ya ce ba zai iya biyan naira 70,000 ba. Mai injin da ke sayen man dizal da tsada, yana kuma jiran shanshera ta shigo kafin ya tayar da inji, ya san abin da ke aljihunsa. Amma abin da ke damuna shi ne, a ƙasar da mafi yawan masu aiki suke gona da kasuwa da ƙananan sana'o'i, an yi dokar kamar rariya mai manyan ƙofofi, ta tare ƙalilan ta zubar da sauran. Naira 70,000 ɗin nan, in aka raba ta kwana 26 na aiki, kimanin naira 2,700 ce a rana. Wanda aka ce ko wannan bai cancanci doka ta tsaya masa a kai ba, lallai an bar shi da halin maigidansa.

Wanda kuwa yake wurin da dokar ta shafa, ya riƙe wannan da kyau: ko da shi da bakinsa ya amince da ƙasa da naira 70,000, ko ya dangwala hannu a takarda, yarjejeniyar ba ta da ƙarfi a gaban doka. Yana bin cikon kuɗinsa bashi. Maigidan da aka samu da laifi zai biya abin da ya taru, ga tara a kai, kuma wajibi ne ya ajiye bayanan albashin da yake biya har na shekara 3. Akwai dabarar da wasu ke yi, su rubuta mutum ashirin a matsayin ma'aikata, sauran arba'in su kira su 'yan rana, alhali kullum su ne a bakin inji shekara da shekaru. Kotun ma'aikata takan duba haƙiƙanin yadda ake aikin, ba sunan da aka laƙaba masa kawai ba.

Dokar Ƙwadago, wadda ta girmi yawancin masu karanta wannan rubutu, ba ta ƙirga kawuna. Ko mutum uku ka ɗauka ta shafe ka. Tana kare masu aikin ƙarfi da masu aikin rubuce-rubuce irin na akawu, ban da manajoji da ƙwararru, ban da kuma iyalin maigida. Abu na farko da ta ce shi ne, kafin ma'aikaci ya wuce wata 3 da fara aiki, a ba shi takarda mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da ranar da ya fara, da nawa za a biya shi da yaushe, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin da za a ba juna in za a rabu.

Na san yadda wannan ke sauka a kunnen mutanenmu. Yaro ya ce wa Alhaji ya rubuta masa takarda, sai a ce ba shi da kunya, ko bai yarda da wanda ya taimake shi ba. Ai babansa ne ya kawo shi, ai 'yan gari ɗaya ne. Amma rigimar da ke kai mutane gaban dagaci galibi daga nan take tashi: wannan ya ce dubu talatin aka yi, wancan ya ce ashirin da biyar ne da abinci, kuma wanda aka yi maganar a gabansa ya rasu ko ya manta. Mu da aka umarta a Suratul Baƙara, aya ta 282, da mu rubuta bashi ƙarami ko babba, bai kamata takardar aiki ta zame mana baƙon abu ba, domin ladan da ba a biya ba bashi ne. Takardar ma tana kare Alhaji kamar yadda take kare yaron. Fallen littafi ɗaya ya isa, da Hausar boko ko ajami, kowa ya sa hannu ya riƙe nasa.

Dokar ta kuma tsara wa'adin sallama. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako ɗaya. Shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata ɗaya. Wa'adin mako ɗaya ko fiye a rubuce ake ba da shi, kuma ana iya biyan kuɗin kwanakin a maimakonsa. Wannan ya hau kan ma'aikaci ma, ba daidai ba ne ya tsere ranar da aiki ya fi yawa. Babban laifi irin sata ne ke ba da damar kora nan take.

Sai maganar yankan albashi, wadda ta zama ruwan dare. Buhu ya fashe, a yanka. Lissafi bai cika ba, a yanka. Doka ta ce kafin a cire wa ma'aikaci kuɗi saboda asarar da ya jawo da gangan ko da sakaci, sai an sami izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Lada da kuɗi ake biya, kuma kada tazarar biya ta wuce wata guda. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, da kwana 12 a shekara na rashin lafiya in likita ya tabbatar. Mace mai ciki tana da mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 a wurin.

Wadda na fi so kowa ya sani ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin injin casa ya ga bel yana gudu ba murfi, ƙura ta turnuƙe, ga matashi da riga mai faɗin hannu yana tura shinkafa, ya san cewa tsakanin lafiya da rasa yatsu ƙiftawar ido ce. Abin da aka saba in tsautsayi ya faɗa shi ne maigida ya biya kuɗin ɗinki da allura, ya zo dubiya sau biyu, a ce ƙaddara ce, shi ke nan. Ƙaddara ce, babu musu. Amma matashin nan yana da mata da 'ya'ya, kuma hannun da yake ci da shi ne ya tafi.

Wannan doka ta ɗauki kusan kowa, har da ɗan rana da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba, ko da baki aka yi yarjejeniyar ko a rubuce. Maigida ne zai yi rajista da hukumar NSITF mai kula da asusun diyyar ma'aikata, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya ciro kuɗin daga albashin ma'aikata. Mai biyan mutum goma naira 40,000 kowanne, naira 4,000 ce a kansa a wata. Daga wannan asusu ake biyan magani da diyyar rauni da ta cutar da aiki ya haifar, har da hatsarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. In ajali ya zo a bakin aiki, iyalin da ke ƙarƙashin mamacin ake biya. Ma'aikaci kuma ba zai iya yarda ya yafe wannan haƙƙi tun kafin a fara aiki ba.

Lokaci ne ke kayar da mutane a nan. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da maigida cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Neman diyya a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Katin asibiti da rasit na magani da hoton raunin da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu, duk a adana su. Ba kasafai za ka sami mai inji a ƙauye da ya yi wannan rajista ba, wasu ma ba su taɓa jin sunanta ba, kuma a ganina ƙungiyoyin masu injina da na manoman shinkafa ne ya kamata su fara ɗauko maganar a taronsu, tun kafin wani ya faɗa hannun lauyoyi.

In saɓani ya taso, babu laifi a fara da mai unguwa ko dagaci ko Hisba, sulhu ya fi sauƙi kuma ya fi raya zumunci, amma a rubuta abin da aka cim ma. In ya gagara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kano da Dutse, inda jami'ai ke kiran ɓangarorin biyu. Shari'ar aiki da albashi kuwa, tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi a kanta, kuma tana da reshe a Kano. Saƙon banki na shigar albashi, da littafin da ake sa hannu kullum, da saƙon WhatsApp da maigida ya turo, suna iya zama hujja ga wanda ba a taɓa ba takarda ba.

Masu albashi su kuma lura da sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki daga 1 ga Janairu, 2026. Naira 800,000 ta farko a abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta, kuma mai karɓar mafi ƙarancin albashi ko ƙasa da haka an ɗauke masa harajin albashi gaba ɗaya. Duk wanda yake wannan matsayi ya ga an cire masa kuɗi da sunan haraji, ya tambayi akawu dalili.

A lissafin shekara 3, a 2027 za a sake zama kan mafi ƙarancin albashi. Ƙungiyoyin ƙwadago za su ja a kan yawan kuɗin, kuma suna da gaskiya. Amma 'yan majalisar da ke wakiltar Kura da Garun Malam da Kafin Hausa da Ringim, in sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su me za su ce game da sharaɗin mutum 25 da keɓe 'yan jinga da leburorin gona.