Birkin iska: abin da doka ta gindaya, da dalilin da tirela ke ƙwacewa a gangara

Duk wanda ya taɓa kwana a Tafa ko Mararrabar Jos ya san wannan. Da asuba direban tirela ya tayar da inji, ya bar shi yana ruri, mota ko motsi ba ta yi. Yaron mota ya leƙo ta taga: "Oga, mu tafi?" Shi kuwa ya nuna masa agogo da haɓa: "Bari iska ta hau." Ba jan aji yake yi ba. Muddin iska ba ta hau ba, ko ya so tafiya motar ba za ta yarda ba, don tayoyin baya a ɗaure suke.

A ƙaramar mota man birki ne ke kai ƙarfin ƙafarka zuwa taya, in ya tsiyaye sai feda ta nutse ƙasa, ka shiga salati. Babbar mota an gina ta ne a kan akasin haka: in iska ta tsere, birki kamawa yake yi. Dabarar ta samo asali daga jirgin ƙasa. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a Amurka a 1869, amma na farkon yana da babban aibi, in tiyo ya fashe shi ke nan babu birki. A 1872 ya juya tsarin yadda zubar iska ita ce ke sa birki ya kama. Manyan motocin titi wannan tunani suka gada, ko da yake kayan aikinsu daban ne.

Dokar da za mu duba ta Amurka ce, wadda ake kira Ƙa'ida ta 121 a jerin ƙa'idojin lafiyar motoci na tarayya. Hukumar NHTSA, mai kula da lafiyar motoci a titunan Amurka, ita ce ta kafa ta, ta fara aiki a 1975. Ba ta da iko a titin Kano zuwa Legas, wannan hurumin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne da jami'an duba lafiyar motoci. Sai dai Mack ɗin da aka sayo na hannu daga can a kan wannan doka aka ƙera shi, kuma lambobinta na nan tattare da shi ko ya shekara ashirin yana dakon siminti a nan. Dokar hawa biyu ce. Ƙa'ida ta 121 da mai ƙera mota take magana. Akwai kuma dokokin hukumar FMCSA, mai sa ido kan manyan motocin haya a can, waɗanda ke kan mai mota da direba: yadda za a kula da birkin, da wanda ya cancanci ya taɓa shi.

Inji ne ke juya kwamfaresa, ita kuma ta tura iska cikin tankuna. Akwai wata ƙaramar na'ura, gwamna, da ke dakatar da ita in iska ta kai wajen 125, ta sake kunna ta in ta sauko wajen 100. Ma'aunin shi ne irin wanda mai faci ke auna iskar taya da shi, wato fam a kan kowane inci murabba'i. Motocin Turai irin su DAF da MAN da wani ma'auni da ake kira "ba" (bar) suke ƙirgawa, kuma "ba" ɗaya ya ɗan haura fam 14. Idan direba ya taka birki, bawul ne kawai ya buɗe. Iska ta ruga zuwa wata tukunyar ƙarfe kusa da kowace taya, ta tura wata fatar roba, fatar ta tura sanda, sandar ta juya wani ƙarfe mai siffar harafin S, shi kuma ya buɗa takalman birki su manne da cikin gangar taya. Tukunyar da aka fi gani ana ce mata lamba 30, don faɗin fatarta inci murabba'i 30 ne. A iska 100, turin da take yi fam 3,000 ne, kusan kilo 1,360, a taya guda. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta ba da wannan.

Amma iska tafiya take yi cikin tiyo, kuma tafiyar na cin lokaci, rabin daƙiƙa ko fiye. Littafin koyon tuƙin manyan motoci na Amurka ya ce a gudun mil 55 a awa, kusan kilomita 88, wannan jinkiri kaɗai na ƙara kimanin ƙafa 32, wajen mita 10, kafin birki ma ya fara aiki. Masu ƙananan motoci da 'yan acaɓa da ke faɗowa gaban tirela su taka birki, wannan mita goma da su ake.

Doka ta tilasta wa mai ƙera mota ya raba iskar gida biyu, yadda in ɓangare ɗaya ya fashe ɗayan zai iya tsayar da mota. Shi ya sa za ka ga allura biyu a agogon iska, ko agogo biyu. Tankunan mota dole girmansu ya ninka na dukkan tukwanen birkinta sau 12, na tirelar da ake ja sau 8, don ko inji ya mutu a sami takawa da dama. Dole kuma a sa alamar gargaɗi da direba zai gani da zarar iska ta sauko ƙasa da 60, kusan "ba" 4. Galibi jan fitila ce da ƙara mai shiga kai. Na taɓa shiga gaban wata tanka na tarar an manne fitilar da baƙin tef, an cire wayar ƙarar, wai tana damun oga. Motar tana ta ihun tana yoyo, aka toshe mata baki.

Sai birkin sifirin, wanda shi ne zuciyar al'amarin. A tayoyin baya tukunyar biyu ce a goye. Ta gaba ita ce ta birkin ƙafa. Ta baya akwai wani ƙaton sifirin a ciki, wanda iska ce ke danne shi kullum. In direba ya ja maɓallin ajiye mota, rawaya mai kusurwa huɗu a motocin Amurka, iskar ta fita da wannan ƙara ta "fisss" da kowa ya sani, sifirin ya miƙe ya ɗaure taya. Haka in iska ta zube da kanta, tsakanin 45 da 20 sifirin zai kama ba tare da neman izinin kowa ba. Maɓalli mai launin ja mai kusurwa takwas na iskar tirela ne. Tsakanin kai, wato motar da ke jan tirela, da ita tirelar kuwa tiyo biyu ne, ja mai cika tankin tirela, shuɗi mai kai saƙon ƙafar direba. In tirela ta ɓalle jan tiyo ya tsinke, birkinta ya kama nan take, kai kuma akwai bawul ɗin da ke rufe masa hanya kada tasa iskar ta bi ta tsere.

To, in haka aka tsara, me ya sa muke jin "birki ya tsinke" a Hawan Kibo? Don mafi yawan lokuta ba iskar ce ta ɓace ba. Sandar nan da ke fitowa daga tukunya tana da iyakar tsawon da za ta iya miƙewa. Yayin da fatar takalmin birki ke cinyewa, sandar na ƙara nisan tafiya kafin takalmi ya taɓa ganga. Dokar ta ce a tukunya lamba 30 ta yau da kullum, tafiyar sandar kada ta wuce inci 2. Motar da ke daf da wannan iyaka tana tsayawa lafiya lau a cikin gari, direba ba zai ji komai ba. Amma a doguwar gangara da kaya, ganga na yin zafi, ƙarfe kuwa in ya ji zafi buɗewa yake, sai gangar ta ƙara nisa da takalmi. Sanda ta miƙe iya miƙewarta, ta kasa kamo ta. Agogo na nuna iska fal, ƙafa na kan birki har ƙasa, mota na ƙara gudu. Abin takaici, birkin sifirin ma ta wannan sanda yake bi, don haka ko ka ja maɓallin ajiye mota ba lallai ya cece ka ba.

Saboda wannan ne doka ta ce duk motar birkin iska da aka ƙera daga 20 ga Oktoba 1994 dole ta zo da na'urar da ke daidaita tafiyar sandar da kanta. Kuma in aka ga irin wannan na'ura ta saki, ɗaure ta da sifana ba gyara ba ne, ɓoye cuta ne, don bayan 'yan takawa za ta koma yadda take. A shingen bincike na Amurka da Kanada, in kashi 20 cikin ɗari na birkunan mota suka gaza, nan za ta kwana har a gyara. A tirela mai birki goma, biyu sun isa.

Game da gangara, abin da ake koyarwa shi ne ka shiga ƙaramar giya tun kana saman tudu, inji ya riƙe mota, birki ya zama ɗan taimako. In gudu ya kai iyakar da ka ɗebar wa kanka, ka taka sosai na kamar daƙiƙa uku har ya ragu da mil 5, wajen kilomita 8, ka saki. Sakin mota a firi don tsimin gas kuwa ganganci ne mai fuska biyu: inji ba ya riƙe ta, kwamfaresa kuma na juyawa a hankali daidai lokacin da ake shan iska.

Tazarar tsayawa ma an ƙayyade ta. Da, kan tirela ɗauke da kaya a gudun mil 60, kusan kilomita 97, an ba shi ƙafa 355. A 2009 aka rage zuwa 250 ga mafi yawansu, wajen mita 76, ya fara aiki a Agustan 2011. Na'urar hana taya kullewa, ABS, ta zama dole a kan kai daga Maris 1997, a tirela daga Maris 1998. 'Yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa a gefen hagu na bayan tirela tata ce.

Ruwa ma abokin gaba ne. Iskar da aka matse tana zubar da raɓa, kwamfaresa na ɗan tofa mai, su taru a gindin tanki su cinye wurin iska su ɓata bawul. In babu mai zubarwa da kansa, a buɗe famfon ƙasan tanki kowace rana bayan aiki.

Akwai wani dogon ƙusa da ake ɗaure sifirin da shi don a samu jan motar da ta lalace zuwa gareji. Wasu in tukunya na yoyo sai su ɗaure ta da shi su ci gaba da lodi, ko su toshe tiyon tayar gaba ɗaya. Wannan tayar ba ta da birkin ajiya, ba ta da na gaggawa. Kuma kada bakanike ya kuskura ya kwance bayan tukunyar da guduma, sifirin na iya fitowa da ƙarfin da zai kashe mutum. Sabuwa ake sawa.

A Amurka, wanda ya faɗi jarrabawar birkin iska, ko ya yi gwajin tuƙi da motar da ba ta da shi, ana buga masa harafin L a lasisi, wato an hana shi tuƙa mota mai birkin iska. Gwajin da ake sa shi ya yi a gaban mai jarrabawa bai fi 'yan mintoci ba, kuma kowane direba na iya yinsa a tasha. Ka sa wa tayoyi waigi, ka cika iska, ka kashe inji, ka saki birkin ajiya. Bayan allura ta zauna, a minti guda kada ta sauka fiye da 2 a mota tilo, ko 3 a kai da tirela. Ka taka birki ka riƙe minti guda, nan iyakar 3 ce da 4. Ka buɗe makulli ka yi ta taka birki kana saki har fitila da ƙara su tashi, ka lura da inda allura take. Ka ci gaba har maɓallan su fito da kansu. Sannan ka tayar da inji ka ba shi wutar aiki: daga 85 zuwa 100 kada ya wuce daƙiƙa 45. In iska ta cika ka cire waigi, ka sa ƙaramar giya birkin ajiya na ɗaure, ka ɗan ja a hankali ka ji ko ya riƙe.