Waiwaye: Ƙanjamau, juna biyu da sinadarin da ke riƙe ciki

A Mai Wurno ko Gadarif da ke ƙasar Sudan, idan mace ta haifi bakwaini, ungozoma takan ɗora laifin a kan wahalar aiki ko zazzaɓin damina. Ba a cika ambaton ƙanjamau ba, balle sinadaran homon da mabiyiya ke fitarwa. Su kansu likitoci sun daɗe kafin su waiwayi wannan ɓangaren.

Da farko jariri ne damuwarsu. Idan uwa mai ƙanjamau ba ta shan magani, yara 15 zuwa 45 cikin ɗari sukan kamu, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. A 1994 gwajin da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna maganin AZT na rage wannan da kusan kashi biyu cikin uku. A 2011 Malawi ta fara ɗora duk mai ciki da ke ɗauke da cutar a kan magani har ƙarshen rayuwa.

Yara suka tsira, sai wata matsala ta ɓullo. A Botswana an lura masu shan lopinavir, wani maganin ƙanjamau, sun fi haihuwa kafin lokaci. A 2015 masu bincike a Toronto ta Kanada suka auna jinin masu ciki, suka tarar furojestaron, sinadarin da ke kwantar da mahaifa ya riƙe ciki, ya yi ƙasa a jikin masu shan irin wannan magani. Inda ya fi ƙasa kuwa, jariran sun fi rashin nauyi. Raba laifin ƙwayar cutar da na magani ba ƙaramin aiki ba ne, domin cutar ma, in an bar ta, tana kawo bakwaini.

Hankali zai ce a cike giɓin da allurar furojestaron. An gwada hakan a kan mata 800 masu ɗauke da cutar a Lusaka ta Zambiya, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna allurar ba ta rage haihuwar bakwaini ba. Kafin nan ma, tun 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta fifita wani maganin ƙanjamau na daban, dolutegravir, har ga masu ciki.

A Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sauya tambayar. Matar da ta gudo daga Wad Madani zuwa Kasala da cikin wata biyar ba awon homon take nema ba. Tana cigiyar inda za ta karɓi ƙwayoyin maganin ƙanjamau na wata mai kamawa ne, ba tare da dangin miji sun ji ba.