Lambun Gida a Ƙasar Hausa

Lambun gida ƙaramin fili ne da ake killacewa a bayan gida, ko a wani sashe na tsakar gida, ko a gefen gari kusa da rijiya, domin shuka kayan miya da ganyaye da itatuwan marmari waɗanda iyali za su ci, a sayar da abin da ya yi saura. A yankin Sakkwato da wurare da dama na Jamhuriyar Nijar an fi saninsa da garka. Bambancinsa da gona shi ne, gona tana jiran ruwan sama kuma hatsi ne babban amfaninta, shi kuwa lambu ana yi masa ban ruwa, aikinsa ba ya yankewa daga farkon shekara har ƙarshenta. Kowane lokaci na shekara yana da abin da yake nema daga mai lambu, kuma yawancin aikin da ake yi a wani lokaci sai a lokacin da ke biye da shi ake ganin amfaninsa.

Wuri da shinge

Kusancin ruwa ne yake yanke hukuncin inda lambu zai zauna, domin wanda zai ɗebo ruwa daga nesa safe da yamma ba ya daɗewa bai gaji ba. Bayan ruwa sai ƙasa. Yawancin ƙasar da ke kewaye da garuruwan Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram jigawa ce, mai sauƙin kaftu amma mai saurin shanye ruwa da zubar da taki, yayin da ƙasar fadama take da laka mai riƙe laima, sai dai tana kwantar da ruwa a damina, ta kuma tsage idan ta bushe.

Shinge wajibi ne. A al'adar karkara ana ɗaure awaki da tumaki a turke a damina, a sake su bayan an kawar da amfanin gona, wato daidai lokacin da lambu kaɗai ne kore a gari. Darnin karan dawa shi ya fi araha, amma gara da iska sukan cinye shi a shekara guda. Saboda haka masu dogon tunani sukan dasa shinge mai rai na aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda dabbobi ba sa ci, ko na lalle, su jera zogale daga ciki.

Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Kano, Sakkwato da Maraɗi, rijiyoyi su ja baya, tumatir ya riƙa zubar da fure ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. A wannan lokaci mai lambu yakan rage yawan fangalin da yake shayarwa, ya bar alayyafo da kuɓewa da sauran masu jure zafi, ya mayar da hankali kan ceton ƙananan itatuwa. Ana lulluɓe gindinsu da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a bar ɗan tazara tsakanin lulluɓin da jikin bishiyar saboda gara, a ba su ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Wasu sukan binne tukunyar ƙasa a gindin bishiya su cika ta da ruwa su rufe bakinta, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. A bazarar ne kuma mangwaro yake nuna.

Babban aikin bazara shi ne tanadin taki. Manoman kewayen Kano sun shahara tun da daɗewa da jigilar taki a kan jakuna daga turaku da jujin birni zuwa gonakinsu, kuma da wannan ne suka iya noma fili guda shekara da shekaru ba tare da sun bar shi ya huta ba. A lambu ana haƙa rami, a jera kashin dabbobi da ganyaye da sharar tsakar gida da ɗan toka hawa-hawa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan kowane mako biyu ko uku har ya yi baƙi ya daina zafi, abin da yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, don haka ba a zuba shi sai ya ruɓe. Takin juji na zamanin nan kuwa yana bukatar tsincewa, saboda ledoji da fasassun kwalabe da matattun batura da ke cakuɗe a cikinsa.

Damina

Ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta lokacin marka, ya janye a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma yana raguwa gwargwadon yadda aka nausa arewa. Ba a gaggawar shuka da ruwan farko, domin sau da yawa yakan ɗauke na tsawon kwanaki iri ya ƙone a ƙasa. Idan ƙasa ta jiƙa sosai sai a shuka kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, gauta, barkono da kabewa, wadda akan sake ta ta hau darni ko rufin rumfa. Wannan ne kuma lokacin dasa itatuwa, domin su kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke: mangwaro, gwaiba, lemun tsami, gwanda, zogale. Ramin dashe ana haƙa shi tun bazara, a cika shi da ƙasar sama da aka gauraya da taki.

Matsalar damina yawan ruwa ce da ciyawa. Fangalin rani ana yin sa a kwance domin ya tara ruwa, amma a damina sai a juya tsarin, a ta da kunya a shuka a samanta, a buɗe wa ruwa hanyar fita. Ciyawa kuwa ba ta jira. Wanda ya yi mako biyu bai sa fartanya ba zai tarar ta shaƙe shuka. Tumatir ba ya jin daɗin wannan lokaci saboda cututtukan ganye da laima ke haifarwa, kuma wannan na cikin dalilan da suke sa ya yi tsada a kasuwanni a tsakiyar damina.

Kaka

Da ruwa ya ɗauke sai a shiga tattarawa da shanya. Ana yanka kuɓewa a busar domin miyar rani, a ɓare zoɓo daga jikin yakuwa, a shanya barkono, a busar da ganyen zogale a inuwa domin kada rana ta kashe korensa. Ana ware 'ya'yan da suka fi girma da lafiya a bar su su ƙosa a jikin uwar domin iri. Karare da ganyayen da suka rage gara a kai su ramin taki da a cinna musu wuta, sai dai waɗanda cuta ta kama.

A watan Oktoba ake rainon irin rani. Ana yafa irin tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, latas da kabeji a ƙaramin fangali mai laushin ƙasa, a rufe da ciyawa har ya tsiro, sannan a ɗaga masa 'yar rumfa. Tumatir yakan isa dashe a mako uku zuwa huɗu, albasa kuwa sai ta yi mako shida zuwa takwas. Dashe da yamma ake yi, a bi shi da ruwa nan take. Karas ba a dasa shi, a inda zai zauna ake shuka shi.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lambu yake cika ya batse. Sanyin dare da hasken rana da bushewar iska sun dace da tumatir da albasa da latas, cututtukan laima kuma sun yi sauƙi. Yanayin nan ne ya ɗaukaka noman tumatir a Kadawa da Kura na jihar Kano, inda ake shayarwa da ruwan madatsar Tiga, da noman albasar Galmi a jihar Tawa ta Nijar, wadda irinta ya bazu a Afirka ta Yamma. Lambun gida yana cin moriyar yanayi guda, sai dai a ƙaramin ma'auni. A da ana ɗebo ruwa a bakin fadama da jigo, wato dogon itace mai guga a kai ɗaya da nauyi a ɗayan. Yanzu guga da butar ban ruwa da ƙaramin injin fetur ne suka fi yawa, injin mai aiki da hasken rana kuma yana ƙaruwa. Ban ruwan da ya ratsa ƙasa sosai ya fi yayyafin sama-sama na kullum, domin na biyun yana sa saiwa ta tsaya a sama. Iskar hunturu tana busar da ƙasa da sauri, don haka ana ƙara kauri ga darni ta gabas da arewa, inda take bugowa. Albasa ana yanke mata ruwa idan lawashinta ya fara kwanciya, domin ta yi ƙarko a ajiya.

Idan tumatir ya yi yawa ana yanka shi a shanya ya zama kauɗa, lawashin albasa kuma a daka a busar ya zama gabu. Domin ajiye ɗanyen kaya na 'yan kwanaki akwai dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda wani malamin makaranta, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Kwari

Gara, fara, darɓa, farin ƙuda da tsutsotsi su ne manyan abokan gabar lambu, ban da kaji da ɓeraye. A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano suke kira sharon, ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A ƙaramin lambu, duba bayan ganye kullum da tsinke wanda ya kamu yana rage ɓarna ƙwarai. Ana kuma daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma, ko a barbaɗa toka. Maganin kanti yana aiki, amma a nan ne aka fi yin kasada, domin wasu sukan yi feshi yau su tsinki ganye gobe, alhali kowane magani yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbarsa.

Inganta lambu

Takin zamani, NPK ko yuriya, yana sa ganye ya yi kore cikin kwanaki, amma ba ya gyara jikin ƙasa. A jigawa wadda ba ta sha takin gargajiya ba, ruwa ne yake wanke shi ya wuce da shi. Haɗa su biyun ya fi dogaro da ɗaya. Haka nan ba a maimaita tumatir, tattasai, gauta da barkono a fangali guda shekara bayan shekara, domin dangi ɗaya ne kuma cututtukansu suna taruwa a ƙasa, musamman ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Ana bin bayansu da albasa ko masara, ko da gyaɗa wadda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Itatuwa ma suna son tsari. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa yakan daɗe fiye da haka, kuma duka biyun inuwarsu tana kashe kayan miya, don haka a gefe ake dasa su. Zogale ana sare shi a daidai ƙugun mutum domin ya yi rassa ganyensa ya kasance inda hannu zai kai. Irin gargajiya da aka ajiye ana busar da shi sosai, a gauraya da toka, a rufe a kwalba ko gora nesa da zafin murhu. Irin kanti mai aure kuwa ba a ajiye 'ya'yansa domin shuka, saboda ba sa fitowa kamar uwarsu, kuma irin albasa, ko na gida ne, ƙarfin tsirowarsa yana raguwa sosai idan ya wuce shekara guda.